Ranar Da Likita Ya Bar Kujerarsa Saboda Auta

Ku da ke bin labarin gidana a wannan shafi, ku matso kusa. Wanda yau ya fara shigowa, ga taƙaitawa, don ba na maimaita magana.

Ni mai fentin mota ne. Tun ina saurayi nake fesa fenti, har gemu ya yi fari, ƙirji ya koma kamar tsohuwar salansa. 'Yata ta ƙarshe, Auta, ita ta yi karatun da ban yi ba. Tana koyarwa a jami'a, tana bincike a kan huhun irinmu: masu fenti, kafintoci, masu walda. Ta haɗa wata fanka mai matatar iska da ke zuƙe tururin fenti kafin ya shiga ƙirjin mutum. A garejina aka fara kafa ta. Tun daga nan na daina tashin maƙwabta da tari.

Abin da take nema shi ne tallafi daga wata gidauniya da ke ba masu bincike abin aiki. So take ta kafa fankar a garejoji da yawa, a auna huhun mutane kafin da bayan, a san ko da gaske tana aiki ko garejina ne ya yi sa'a. Ta nema an hana ta. Ta sake nema an hana, ba a ko faɗa mata dalili ba. Amma kowa ya san dalilin. A lokacin ƙirga takardu ake yi: nawa ka buga, a wace mujalla, ta wace ƙasa. Ita kuwa shekarun da sa'o'inta ke buga takardu, tana gida tana juya mahaifiyarta a gado, bayan ɓarin jikin Hajiya ya shanye. Bana jami'a ta ce mata in ba ta samo tallafi ba, za a ba wani ɗakin gwajinta. Wato aikin ya mutu ke nan.

Sai kuma Likita. Shi ya duba Hajiya a asibiti. Dogo ne siriri, da tabarau, yana magana kamar sayar masa da ita ake yi. Da aka sallame mu ya ce zai riƙa leƙowa duba jiki. Jiki ya yi sauƙi, Hajiya ta fara takawa da sanda, har tana shiga kicin tana faɗa, amma Likita bai daina duba jiki ba. Duk Asabar bayan la'asar sai ga farar motarsa. Ya zauna a kujerar kusa da taga, ya auna jinin Hajiya, ya sha shayi, ya dubi labulen ɗakin Auta, ya tafi.

Hajiya ta ce, "Malam, yaron nan zai ƙarar min da dantse da awo kafin ya buɗe baki."

Na ce, "Ya ƙarar. Ba ni zan tallata 'yata ba."

Ana nan sai Farfesa, shugaban sashensu Auta, ya kawo min motarsa in gyara wata ƙarzuwa a ƙofa. Mutum ne mai ƙiba da ƙamshin turare. Ya tsaya nesa da injin fesawa, ya toshe hanci da hankici.

Ya ce, "Baba, ka yi wa 'yarka magana. Ta sa sunana a gaban takardar neman nan, nata ya biyo baya. Sunana ƙofa yake buɗewa."

Na ce, "Ka taɓa fankar da hannunka?"

Ya yi dariya. "Haka ake yi, Baba. Mu ma haka aka yi mana."

Na kai wa Auta maganar tana wanke kofuna. Ta share hannu a jikin zanenta, ta ce, "Baba, ai bana ko ya ba ni sunan kyauta ba shi da amfani. Gidauniyar ta canza tsari. A zagayen farko rufe sunaye suke yi. Mai karantawa bai san ko farfesa ne ko ni ba, bai san jami'ar ba. Aikin kawai yake gani."

"Takardun fa, da ake ƙirgawa?"

"Sun daina. Yanzu cewa suka yi ka zaɓi 'yan ayyukan da ka fi alfahari da su, ka faɗi abin da ka yi da hannunka, da wanda ya amfana. Har wuri suka bari inda mutum zai faɗi shekarun da ya tsaya, don jinya ko haihuwa. Wanda aka hana kuma sai an ba shi dalili."

Na ce, "Sai yanzu suka yi hankali."

Ta tsallake zagayen farko. Aka ce waɗanda suka rage za su tsaya gaban kwamiti su kare aikinsu. Ban yi murna a fili ba. Mota ba a yabon fentinta sai ya bushe.

To, a nan ƙanwata ta shigo labarin. Yara Gwaggo suke kiranta, ni ma na bi su. Ta zo wuni ranar Lahadi, da gwaggwaron da ya fi ƙofar falo faɗi da awarwaro har gwiwar hannu. Ta karɓi wayar Auta wai tana kallon hotunan ɗinki. Saƙon Likita ya shigo wayar tana hannunta. Gwaggo ba ta san kunyar karanta saƙon wani ba. Da ƙarfi ma ta karanta.

"Salam. Yau aka kira ni in maye gurbin wani da bai da lafiya a kwamitin gidauniya. Daga yanzu ba zan iya yi miki magana a kan aikinki ba. Ki yi haƙuri. A gaida Mama."

Ta rangaɗa guɗa har Hajiya ta saki sanda.

"Faɗuwa ta zo daidai da zama! Yaya, ka ji? Surukinmu a cikin kwamiti!"

Na ce, "Surukin wa?"

"Kai dai bari. Mai uwa a gindin murhu, ka san sauran. Ke Auta, maza ki amsa. Ki ce masa kina dogara da Allah kina dogara da shi. Ki sa masa hoton zuciya ɗin nan ja."

Auta ta karɓe wayarta. "Gwaggo, ba haka ake yi ba."

"Haka ake yi tun kafin a haifi ubanki. Ke kin tsaya karatu, sa'o'inki na aurar da 'ya'ya. Ga miji ga tallafi a faranti ɗaya, kina min ba haka ake yi ba."

Jinina ya hau. Ba maganar Gwaggo ce ta dame ni ba, na saba da bakinta. Abin da na hango shi ne gobe. Auta ta ci, sai a zauna a bakin layi ana cewa ai saurayinta ne ya ba ta. Shekarun da ta yi tana shaƙar ƙurar garejoji su tashi a banza, a ce da murmushi ta saya. Na ciro wayata na kira shi a gabansu.

"Likita."

"Na'am Baba, ina wuni."

"Kada ka sake taka ƙofar gidana sai an gama. Kada a ga motarka a layinmu. Ba ka san mu ba, ba mu san ka ba."

Ya ce, "Baba, da ka ba ni dama in yi bayani..."

Na kashe.

Auta ta ce, "Baba, ɓoyewa ba ita ce..."

"Na gama magana."

Gwaggo ta ce na zubar da arzikin da ya zo har gida. Ta ɗauki jakarta ta tafi ba sallama, ta dawo ta ɗauki ragowar abincin da aka zuba mata, ta sake tafiya.

A ganina na yi daidai. Ita Gwaggo so take a yi amfani da shi. Ni so nake a ɓoye shi. Ban san akwai hanya ta uku ba.

Asabar ta zo, farar mota ba ta zo ba. Hajiya ta yi shayi kamar kullum, ta ajiye kofin baƙo a kan tebur, ta dube ni, ta ɗauke. Auta na ɗaki tana shirin kare aikinta, ina jin muryarta tana yi wa madubi bayani. Wayarta na kife a kan teburin falo. In ta fito shan ruwa sai ta juya ta, ta duba, ta sake kifewa. Na gani.

Gwaggo kuwa ta koma turo saƙon murya. Auta ta kunna ɗaya a gabana.

"Tunda ubanki ya kori Likita, ki saurare ni. Kada ki ambaci shekarun jinyar nan, za su ce kina da uzuri da yawa. Sannan fankar nan ta farko da ta ƙi aiki, ki binne ta. Ba a kai ruɓaɓɓen kaya gaban mai saye."

Gaskiya ne fankar farko ba ta yi ba. Matatar kan toshe da wuri, tururin ya dawo ciki. Auta ta rubuta hakan, ta buga a wata ƙaramar mujalla, har da awon da ta yi, don kada wani ya ɓata lokacinsa a kan irinta. Farfesa ya ce a lokacin ba a taɓa jin mai tallata faɗuwarsa ba.

Na ce, "Me za ki yi?"

Ta ce, "Tana cikin ayyukan da na zaɓa, Baba. Ita na sa a farko."

Ranar da kwamitin zai fara zama, da hantsi, ina fesa wa wata tsohuwar mota shuɗi, fankar Auta na gurnani a bango, sai na ga fararen kaya a bakin gareji. Likita ne, da ƙafa. Ya ajiye motar can bayan kasuwa don kada a gan ta. Na kashe injin, na sauke takunkumi.

"Na ce kada ka taka gidana."

"Nan gareji ne, Baba."

Na dube shi. Ashe yana da baki.

Ya durƙusa ya gaishe ni, gwiwar farin wandonsa a cikin ƙurar fenti. Ban ce ya tashi ba, ban ba shi kujera ba.

Ya ce, "Baba, yau za mu fara zama. Kafin a buɗe ko takarda ɗaya, shugabar kwamiti za ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta tambaya: akwai wanda kake da alaƙa da shi cikin masu nema? Wanda ke da ita zai faɗa a gaban kowa, a rubuta, ya fita. Ba zai karanta ba, ba zai saurara ba, ba zai yi zaɓe ba."

"To ka ce babu. Ai na kore ka."

"Ba zan iya ba."

"Don me?"

"Don akwai."

Fanka na ta gurnani. Na ɗauki tsumma ina goge hannu.

Ya ci gaba, idonsa a ƙasa. "Zan iya cewa 'yar wadda na yi wa magani ce. Za su karɓa. Amma rabin gaskiya ne. Gobe in Allah ya sa aka ji wata magana, za a ce na ɓoye. A karɓe tallafin, a ɓata mata suna, ita da ba ta yi komai ba. Abin da aka faɗa da rana a gaban mutane ba ya zama abin gulma, Baba."

Wannan magana ta shige ni. Ban nuna ba.

Na ce, "In ka fita, ƙuri'arka fa?"

"Babu ita."

"Ka rage mata mutum ɗaya ke nan."

"Na rage. Amma aikinta ba ya bukatata."

"To je ka faɗa musu. Me ya kawo ka wurina?"

Ya gyara tabarau.

"Abin da zan faɗa musu, bai kamata baƙi su riga ka ji ba. Ina neman izininka in nemi auren Auta."

Shekara da shekaru yana auna jinin matata, sai da kwamiti ya matse shi ya furta. Na bar shi a durƙushe har na wanke kan injin fesawa, na rataye shi. Ina so in ga ko zai dubi agogo. Bai duba ba.

Na ce, "Je ka ce musu ka nema. Kada ka ce an ba ka."

"Na gode, Baba."

"Kuma dokata na nan. Ba gida, ba waya, sai an gama."

Ya tashi da shuɗin tabo a gwiwa biyu. Haka ya tafi gaban manyan mutane. Da na koma gida ban gaya wa kowa ba. Yarinya na da jarrabawa a gabanta, ba zan cika mata kai da zancen aure ba.

Ranar kare aiki ni na kai ta. Ta sa doguwar riga ruwan toka marar ado, da mayafi fari mai ɗan zare a baki, da takalmi marar tsini. Gwaggo ta aiko da sarƙar zinariya, Auta ta mayar da ita cikin akwatinta. Hajiya ta kama hannunta da hannun nan mai lafiya ta tofa mata addu'a. Ni na sa babbar rigata da ba na sawa sai da dalili.

Ginin gidauniyar dogo ne mai gilasai. Akwai baranda da benci a ƙasa, nan aka ce masu rakiya su tsaya. Farfesa ma ya zo, ashe shi ma ya kai zagayen ƙarshe. Ya rungumo jaka cike da takardun da ya buga, sai nishi yake. Sakataren kwamiti ya tare shi a bakin matakala.

"Ranka ya daɗe, a bar jakar a nan. Ayyukan da ka zaɓa suna gabansu."

"Ka san shekara nawa na yi ina tara waɗannan?"

"Doka ce ga kowa, ranka ya daɗe."

Ya dire jakar kusa da ƙafata kamar ni na kafa dokar.

Can sai ga Likita yana saukowa. Shugabar ta ce ba lokacin Auta kaɗai ba, duk rukunin da take ciki ba zai zauna ba, don kada a ce ya kayar da abokan takararta. Suka haɗu da Auta a matakala, ita tana hawa shi yana sauka. Ya kauce ya manne da bango. Ko sannu ba su yi wa juna ba. Ya zo ya zauna a ƙarshen bencin da nake.

Farfesa ya ce, "A'a, Likita! Labari ya iso mana. An ce ka jefar da ƙuri'a saboda soyayya, har da fenti a gwiwa."

Likita ya ce, "Ajiye ta na yi, ranka ya daɗe."

"Yaran zamani. Da ni ne, in yi shiru in gyara wa tawa."

Na ce, "Shi ya sa ba kai ba ne."

Ya juya ya hau matakala.

Muka zauna, ni da Likita, benci ɗaya, tsakaninmu jakar Farfesa. Rana ta taso ta cinye rabin barandar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Na sayi ruwa gora biyu a wurin mai tebur, na ajiye ɗaya a tsakiya, ban ce tasa ba ce. Ya jima kafin ya ɗauka.

Da Auta ta sauko fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta dubi Likita kallo ɗaya, irin wanda mahaifiyarta ke yi min in na yi abu ban shawarce ta ba, ta wuce mota.

A hanya na ce, "Yaya?"

Ta ce, "Shugabar tsohuwa ce, Baba, ta kusa sa'arka. Ba ta tambaye ni mujalla ko ɗaya ba. Cewa ta yi in ba su labarin fankar da ta ƙi aiki."

"Kika ce me?"

"Na faɗa musu yadda ta toshe, da yadda na gane, da abin da na canza. Wani a cikinsu ya ce ya karanta, kuma saboda rubutun nan ɗalibinsa bai faɗa ramin da na faɗa ba. Sai suka tsare ni a kan awon huhun. Suka ce garejin mahaifina ɗaya ba hujja ba ne. Na ce shi ya sa na zo."

"Shekarun jinya fa?"

"Ta ce sun gani, sun cire su daga lissafi. Ta tambayi jikin Mama."

Ta juya tana kallon titi. Na san akwai sauran magana a bakinta. Ban tono ba.

Sakamako ya zo wata safiya tana guga. Wayar ta yi ƙara a kan tebur. Ta karanta a tsaye, dutsen guga na kan mayafin Hajiya har ya fara ƙauri. Ni na zare wayar dutsen daga wuta.

"Baba."

"Ina ji."

"Sun ba ni."

Hajiya ta saki sanda, wannan karon da gangan, ta taka da ƙafarta har inda 'yarta take. Suka rungume juna suna kuka. Ni na fita tsakar gida. Akwai abin da ya faɗa min a ido, na tsaya har ya fita.

Ba tallafin kaɗai suka aiko ba, har da bayanin dalili. Auta ta karanta mana. Sun ce tambayarta a fili take, hanyar awonta mai kyau ce, kuma ta nuna ba ta tsoron faɗin inda ta kuskure. Suka kuma nuna mata wuri biyu da za ta gyara. A ƙasa aka rubuta cewa mutum ɗaya cikin kwamitin ya bayyana alaƙa, bai karanta ba, bai zauna ba, bai yi zaɓe ba. Na ce ta sake karanta min wannan layin. Ta sake.

Kafin azahar Gwaggo ta iso da guɗa tun daga bakin layi.

"Ban faɗa ba? Ban ce Likita zai yi mana aiki ba?"

Na ce, "Likita na waje a kan benci, kusa da ni, yana shan ruwan da na saya. Ki je ki faɗa wa duk wanda kika faɗa wa waccan."

"To ai addu'ata ce."

"Wannan na yarda."

Farfesa bai samu ba. Ya zo karɓar motarsa ya faɗa min da bakinsa. An rubuta masa cewa tunaninsa mai kyau ne, amma ba su gane wane ne aikin hannunsa ba, wane ne na ɗalibansa. Suka ce ya gyara ya dawo baɗi. Ya shafa ƙofar da na fesa, ya ce, "Ai Auta ɗalibata ce, ni na rene ta." Na ce Allah ya saka. Ya dubi fankar da ke bango ya jima, sannan ya tambaya ko zai iya turo ɗalibansa su gani. Na ce ya tambayi mai ita. Ɗakin gwaji kuwa, har sabon kwaɗo jami'a ta sa mata.

Na kira Likita na ce, "An gama." Na kashe.

Asabar bayan la'asar, Gwaggo ta zo wuni tana falo, farar mota ta tsaya a ƙofar gida, a fili, kowa na gani. Na leƙa ta taga. Ya fito da jakar awon jini. Na ɗaga murya na ce, "Bar jakar a mota. Yau ba awo ka zo ba."

Na juya na tarar da Auta a tsaye a bakin labulenta, hannu a ƙugu.

"Baba, ka san yadda aka buɗe min zaman nan?"

"Ina zan sani?"

"Ina shiga, ko zama ban gama yi ba, shugabar ta duba takarda ta ce: muna sanar da ke cewa ɗaya daga cikinmu ya bayyana yana neman aurenki, don haka ya fita. Kin amince mu ci gaba?"

Gwaggo ta dafe ƙirji. Hajiya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"A gaban mutum nawa, Baba! Kai ka sani. Shugabar ta sani. Sakatare ya rubuta. Farfesa ya sani. Ni da ake nema, ni ce ta ƙarshe."

Na ce, "Kika ce musu me?"

"Na ce a ci gaba. Me zan ce?"

"Shi fa, me za ki ce masa?"

Gwaggo ta yi caraf. "Me za ta ce kuwa? Ta ce ta amince, mu fara shiri!"

Auta ta ce, "Ya shigo ya kare kansa. Ba ruwana da sunansa, ba ruwana da yawan zuwansa. Ya faɗi abin da yake nema da bakinsa. In ban karɓa ba zan ba shi dalili, ya gyara ya dawo baɗi."

Na yi dariya. Hajiya ta ce rabon da ta ji dariyata tun kafin ta kwanta ciwo.

Auta ta shiga ɗaki. Ta bar shi a tsaye a ƙofar gida har inuwa ta matsa. Da ta fito, ta canza zuwa atamfa kore mai ganye-ganye da ban taɓa ganin ta sa ba, da turare, da sarƙar nan ta Gwaggo da ta ƙi sawa ranar kwamiti. Wannan ma na gani. Ta je ta zauna a kujerar kusa da taga, kujerarsa, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ya yi sallama ya shigo. Ya ga an riga shi kujera. Ya tsaya tsakiyar falo, hannu babu jaka, bai san inda zai sa shi ba. Tabarau na zamewa a kan hancinsa don gumi.

Na miƙe. Na ba Hajiya sandarta, na kama gwaggwaron Gwaggo na nuna mata ƙofa.

"Yaya, ina za mu? Yanzu fa za a fara!"

Na ce, "Waje. Dukkanmu muna da alaƙa da shugabar kwamiti."

Na ja ƙofar na rufe. Muka zauna a benci a tsakar gida, mu uku, muna jiran sakamako.